Rauni ko rowa? Rigimar aron kayan tarihi tsakanin ƙasashe

A watan Yulin 2025, lokacin da shugaban Faransa Emmanuel Macron ya kai ziyara Ingila, ya yi wa masu masaukinsa wani alkawari da ya tada ƙura a gida tun bai koma ba. Ya ce Faransa za ta ara wa Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan wani tsohon ƙyalle da ake ajiye da shi a garin Bayeux na yankin Normandi, a baje shi daga Satumbar 2026 zuwa Yulin 2027. Su kuma Ingilishi su ara wa Faransa wasu daga cikin nasu kayan, har da dukiyar da aka haƙo daga wata tsohuwar makabarta a Sutton Hoo, gabashin Ingila. 'Yan siyasar ɓangarorin biyu suka yi ta tafi, masu aikin adana kayan tarihi kuwa suka riƙe baki. Wani ɗan jarida, Didier Rykner, ya buɗe takardar koke, kuma kafin wani lokaci mutum fiye da 60,000 sun sa hannu a kan kada a motsa ƙyallen daga ƙasarsa.

Bazazzagi ba zai sha wahalar gane wannan ƙyalle ba, don aikin allura ne, sana'ar da cikin birnin Zariya ya yi suna da ita. Fallen lilin tara aka haɗa, tsawonsu ya kusa mita 70, faɗin kuma rabin mita, aka bi da zaren ulu aka ɗinka labarin yadda William na Normandi ya ƙetara teku ya ci Ingila da yaƙi a 1066, aka kashe Sarki Harold a fagen Hastings. Akwai mutane fiye da 600 a jikinsa, da dawaki wajen 200, da jiragen ruwa da karnukan farauta da masu gasa nama. Yawancin masana na ganin a Ingila aka ɗinka shi 'yan shekaru bayan yaƙin, shi ya sa Ingilishi ke cewa gida zai leƙo. Sun roƙa a 1953, lokacin naɗin Sarauniya Elizabeth, sun sake roƙa a 1966, ba su samu ba.

Duk wanda ya taɓa buɗe adakar gado ya ɗauko tsohuwar rigar saƙi mai aska takwas ya san abin da masu koken ke tsoro. Daga nesa rigar garau take. Sai ka ɗaga ta a hasken ƙofa ka ga layin ninki ya koɗe ya yi fari-fari, in ka ja shi kaɗan zare ya saki ba ko ƙara. Kafaɗa, inda nauyi ya daɗe yana rataye, ta yi shara-shara. Asu ya yi nasa aikin a gefen aljihu. Ɗinkin kansa kuwa yana nan daram, ya fi ƙyallen da ke ɗauke da shi ƙarfi da nauyi, don haka duk motsin da aka yi, shi ke jan saƙar yana yaga ta. Rigar kaka ke nan, ko ta kakan kaka. Ƙyallen Bayeux ya doshi shekara 950. Binciken da aka yi masa a 2020 ya ƙirga tabo fiye da 24,000, da huji kusan 10,000, da yagewa 30, kuma daga 1983 zuwa 2025 a rataye yake a tsaye cikin gilashi, nauyinsa na jan kansa.

A hanya, jijjiga ce babbar abokiyar gaba. Mota ko jirgi, komai laushin tafiyarsu, girgiza kaya suke ba ƙaƙƙautawa, kuma tsohon zare ba bugu ɗaya ke tsinka shi ba, gajiya yake yi a hankali har ya saki. Sai laima. Lilin da takarda da fata da itace da hauren giwa duk suna shan danshin iska su kumbura, su bushe su tsuke, kuma a wannan kai da komo ne tsaga ke fitowa. Shi ya sa manyan gidajen tarihi ke ƙoƙarin riƙe laimar ɗaki wajen kashi 50 cikin 100, zafi kuma wajen digiri 20, dare da rana. Haske ma ɓarna yake yi, ɓarnar da ke taruwa ba ta komawa, don haka tsohuwar takarda in an baje ta wata uku cikin haske dishi-dishi, sai a mayar da ita duhu ta yi shekaru tana hutawa. Amma ma'aikatan da ke wannan aiki sun fi jin tsoron hannu: lokacin saukewa, da ninkewa, da sakawa a akwati, da buɗewa a can, sannan a maimaita duka ranar dawowa.

Akwai dabaru, ba a ce babu ba. Akwati ake sakawa cikin akwati, da soso da na'urar auna girgiza da laima. Ma'aikaci guda daga gidan mai kaya yana bin akwatin ƙafa da ƙafa, ba a buɗe shi sai a gabansa. Kafin a tashi ana rubuta rahoton lafiyar kayan, kowane tabo da hotonsa, in an isa a sake dubawa, kowa ya sa hannu. Sai inshora: jaridun Birtaniya sun ruwaito cewa gwamnatinsu za ta tsaya wa ƙyallen Bayeux a kan kimanin fam miliyan 800. Kuɗin da ban tsoro, sai dai ba su da allurar da za ta mayar da zaren ƙarni na 11. Kuma duk tsarin nan ba ya hana ɗan'adam halinsa. A Disambar 2017, a wani gidan tarihi a Filadelfiya ta Amurka, wani matashi da ya je walima ya shiga ɗakin da aka baje sojojin yumɓu da Sin ta ba da aro, waɗanda suka haura shekara 2,000, ya ɓalle wa ɗaya babban yatsa ya sa a aljihu ya tafi gida. Sai bayan makonni aka lura.

Masu goyon bayan aro ba wawaye ba ne. Suna cewa gani ya kori ji, kuma abin da mutane ba sa gani ba sa damuwa da kuɗin kula da shi. Sun ce ai gidan tarihin Bayeux ɗin ma an rufe shi tun Satumbar 2025 don gyaran shekara biyu, ko an je Landan ko ba a je ba sai an sauke ƙyallen an sa a akwati. Sun ce zama wuri ɗaya ma ba tsira ba ne: gobara ta cinye babban gidan tarihin Barazil a Riyo a 2018, alhali littattafan Tumbuktu, gudu da su da aka yi zuwa Bamako a 2012 da 2013, a mota da kwalekwale, shi ya cece su. Kuma kaya kan shiga inda jakada ba ya iya shiga, kamar yadda aka ara wa Iran rubutun yumɓun Sarki Sairus na tsohuwar Farisa a 2010, lokacin da Landan da Tehran ba sa ga maciji. Duk gaskiya ne. Abin da ya sa na fi karkata ga masu koke a maganar Bayeux shi ne yadda aka jera al'amarin. Shugaban ƙasa ya fara yin alkawari a bainar jama'a, tun 2018 ma ya fara furta shi, sannan aka ce wa ƙwararru su nemo yadda za a yi. Ma'aikacin gwamnati da aka tambaya bayan an gama shela, amsarsa ba ta da 'yanci sosai.

Amma ba don Faransa da Ingila na ɗauko maganar ba. A 1977 Najeriya ta karɓi baƙuncin bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, a Legas, aka kuma yi gagarumin hawan daba a Kaduna, wanda dattawanmu da yawa suka gani da idonsu, wasu ma a kan doki. Tambarin bikin fuskar Idia ce, mahaifiyar Oba Esigie na Binin, wadda aka sassaƙa da hauren giwa a ƙarni na 16, sojojin Birtaniya suka kwashe ta tare da dubban kaya lokacin da suka ci birnin a 1897. Najeriya ta nemi Gidan Tarihin Birtaniya ya ba da ita, ko da aro ne. Aka ce ba za ta jure tafiya da canjin yanayi ba. Sai aka sa masassaƙan Binin suka yi kwaikwayonta, da shi aka yi biki, hoton fuskar kuma ya hau bayan takardar naira ɗaya. Shekara uku da yin haka, a 1980, Najeriya ta tattara kaya 100 cikin mafi darajar abin da ta mallaka, na Nok da Igbo-Ukwu da Ife da Binin, ƙarƙashin jagorancin Ekpo Eyo, ta aika da su Detroit, suka yi ta zagaya biranen Amurka da Turai, har Landan a 1982. A 2010 ma kawunan tagullar Ife sun je sun zauna watanni a gidan nan da ya hana mu Idia.

Ban ce ƙarya suka yi a 1977 ba. Hauren giwa yana tsagewa in laima ta sauya, wannan kowane masassaƙi ya sani. Matsalar ita ce mai riƙe da kaya shi ne alƙali, shi ne likita, shi ne kuma wanda ake ƙara. Gidan Tarihin Birtaniya, da ya yi shekaru yana ja-in-ja da Girka a kan sassaƙen dutsen Fatinon, tsohon wurin bauta na birnin Atina, shi ne ya ɗauki ɗaya daga cikinsu a 2014 ya ara wa wani gidan tarihi a Rasha, ba a sanar da duniya ba sai da kaya ya isa. Masar ta nemi aron sassaƙen kan Nefertiti, sarauniyarta ta zamanin Fir'auna, daga Barlin, aka ce mata fentin da ke jikinsa ba zai jure ba. Mai yiwuwa haka ne. Amma in rauni kullum yana bayyana ne ranar da mai asalin kaya ya yi sallama, dole a yi zargin rowa.

Wuri ɗaya da aka bi hanyar da ta kamata shi ne tsakanin Mekziko da Ostiriya. Akwai wata hular gashin tsuntsu mai shekara wajen 500 a Biyana, da ake dangantawa da sarkin Aztek, Moctezuma. Maimakon kowa ya tsaya a kan bakansa, ƙwararrun ƙasashen biyu suka zauna tare daga 2010 zuwa 2012 suna bincike, suka cimma matsaya ɗaya, cewa girgizar hanya za ta lalata ta. 'Yan Mekziko ba su daina neman kayansu ba, amma aƙalla hukuncin rauni da idon mutanensu aka yanke shi.

A ƙarƙashin duk wannan akwai tsoron da ba a cika faɗa ba: in kaya ya je gida, anya zai dawo? Sannan akwai doka. Dokar 1963 ta hana Gidan Tarihin Birtaniya rabuwa da abin da ke hannunsa sai a 'yan wurare ƙalilan, don haka aro kaɗai yake iya tayawa, kuma ba ya ara wa wanda bai sa hannu cewa kayan na gidan ne ba. Girka ta ƙi wannan sa hannu. Sarkin Asante na ƙasar Gana, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, ya zaɓi wata hanyar. A 2024 kayan zinariya da azurfa 32 na fadar Asante, waɗanda aka kwasa a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, musamman na 1874, suka koma Kumasi daga gidajen tarihi biyu na Landan, aron shekara uku da za a iya ƙara wasu uku. Da fadar aka ƙulla yarjejeniyar, ba da gwamnatin Gana ba. Wasu suka ce kayan aro ba ya rufe katara, balle a ara maka abin da aka ƙwace daga ɗakin kakanka. Wasu suka ce da babu gara ba daɗi, yaran Kumasi sun ga abin da iyayensu ba su gani ba. Ba na ganin laifin sarkin. Sai dai a farkon 2024 ɗin wani gidan tarihi na jami'a a Los Anjalas ya mayar masa da kaya bakwai kyauta ba sharaɗi, abin da ya nuna cewa katangar ta doka ce, kuma majalisar da ta gina ta tana iya rushe ta.

Tambaya biyu ce ake cuɗawa da gangan. Ko kaya zai jure tafiya, wannan maganar masu madubi da ma'auni ce. Kayan na wane ne, wannan maganar adalci ce, kuma ba ta buƙatar a ɗaga komai daga kan kanta. Rauni yana iya hana kaya tafiya, ba ya hana a rubuta sunan mai shi. Jamus ta gwada hakan a Yulin 2022, da ta sa hannu kan miƙa wa Najeriya mallakar kayan Binin fiye da 1,000. Wasu sun dawo, wasu suna nan a gidajen tarihin Jamus, amma yanzu mu ne masu ba da aro, su ne masu karɓa. Akwai kuma inda aro ya zama matakalar farko. Takobin da ake dangantawa da Shehu Umar Futi, wanda ya zauna Sakkwato shekaru har ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Faransa ta miƙa shi ga Sanigal a Nuwambar 2019 a matsayin aro, sai majalisarta ta yi doka a Disambar 2020 ya zama nasu ɗungurungum.

Na san akwai wanda zai ce me ya haɗa mu da gumakan mutane. To, ƙa'idar da ta hau kan sassaƙe ita ce ta hau kan takobi da tuta da alkyabba da Alƙur'ani rubutun hannu, kuma waɗannan muna da su a Zazzau, a fada da gidajen malamai. Shiga zauren wani tsohon malami a cikin birni ka roƙi ganin littafin gado. Zai zaro gafaka, ya kwance igiyar fata, ya buɗe tadarishi. Takardun a warware suke, ba ɗinki, abin da ke riƙe jerinsu kalma ɗaya ce a ƙasan shafi da ke nuna farkon na gaba. In ka ɗaga falle ɗaya a rana, wani lokaci za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikin takardar, shaidar cewa daga Italiya ta fito ta ratso Sahara. Gefuna sun yi ƙanƙas saboda hunturu, ga tabon damina, ga hanyar gara. Ka ce, "Allah ya gafarta Malam, a ba ni aro na kwana biyu." Amsar da ɗalibai suka saba ji ita ce, "Ɗana, ga tabarma nan, zauna ka kwafa." Ba mugunta ba ce. Falle ɗaya ya zame, littafi ya nakasa, kuma a gidaje da yawa akwai labarin baƙon da ya ari littafi ya tafi ke nan. Malamanmu sun daɗe da warware rabin rigimar da Turai ke yi yanzu: kwafi ya yi tafiya, asali ya zauna. Aikin da sashen binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello ya fara tun shekarun 1960, da wanda Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun ƙasa ke yi a Kaduna, na tattarawa da ɗaukar hoto, ci gaban wannan al'ada ne, kuma yau kyamara mai kyau ta sauƙaƙa shi ƙwarai.

In an ce mana ba mu iya ajiya ba, muna da amsa a baki. A 2023 Gidan Tarihin Birtaniya da kansa ya sanar cewa kaya wajen 2,000 sun ɓace ko sun lalace a ma'ajiyarsa, har shugabansa ya ajiye aiki. In kura na maganin zawo, ta yi wa kanta. Amma amsa mai daɗi ba ta gyara rufin ɗaki. An sha sace kaya a gidajen tarihin Najeriya, kuma ɗakin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa ba zai iya cika sharaɗin laima da zafi ba. Na'urar sanyi da ke aiki da safe ta mutu da rana ta fi rashinta illa, domin sauyin ne ke kashe kaya, ba lambar da ke kan ma'auni ba. Ginin ƙasa mai kaurin bango, irin masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a birnin Zariya a ƙarni na 19, yana riƙe yanayinsa a hankali ba tare da ko waya ɗaya ba. Masana ginin zamani a Samaru na da abin koyo a nan in ana son ɗaki ɗaya a Arewa da zai iya karɓar kowane irin kaya.

Jarrabawa mafi kusa kuwa ta jihar Kaduna ce. A Afrilun 2000 aka baje wasu sassaƙen yumɓu a gidan tarihin Louvre na Faris, biyu na Nok, ɗaya na yankin Sakkwato, waɗanda Faransa ta saya a hannun dillali alhali dokar Najeriya ta hana fitar da irinsu. Aka yi ta cece-kuce, har a 2002 Faransa ta amince cewa na Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25 da za a iya sabuntawa. Wa'adin yana cika a 2027. A wannan karon mu ne masu kaya, kuma Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa na da ikon tambayar duk abin da ake tambayarmu: a kawo rahoton lafiyarsu na ranar farko da na yau, ƙwararrunmu su je su duba da idonsu, a buga sakamakon kowa ya karanta. In an ce yumɓun ba zai jure hanyar Faris zuwa Kaduna ba, a gwada a gaban mutanenmu, sannan a faɗa wa mutanen Nok da Kwoi, waɗanda aka haƙe gonakinsu aka fitar da irin waɗannan kaya, me za su samu a sabuwar yarjejeniyar.